Dawakin da ke kan takarda da waɗanda ke cikin inji: kundin aiki

4 ga Fabrairu

Yau na buɗe jadawalin. Abin da nake son tantancewa shi ne maganar da masu sha'awar motoci suka daɗe suna yi, wai kamfanoni suna rage adadin ƙarfin doki, wato ma'aunin ƙarfin inji, da suke rubutawa a talla, injin ya fi abin da aka faɗa. Wannan ya saɓa wa halin ɗan kasuwa, wanda aka sani da yabon hajarsa har ya wuce gona da iri. In har da gaske wani yana ɓoye ƙarfin kayansa, to ruwa ba ya tsami banza, akwai abin da yake tsoro ko abin da yake hange, kuma shi nake nema.

Gida huɗu na yi wa jadawalin: sunan mota da shekararta, adadin da kamfani ya bayar, ma'aunin da aka bi, sai adadin da wasu suka samu da suka auna da kansu. Gida na uku ya fara ba ni aiki tun yau, domin dokin kansa iri biyu ne. Na Amurka da Ingila wat 745.7 ne, na Jamus da Jafan da ake rubutawa PS kuma wat 735.5. Motar da Jafan ta ce 280 ce, a Amurka 276 za a rubuta, alhali ko ƙusa ɗaya ba a taɓa a injin ba. Zan ƙara gida na biyar in mayar da komai kilowat, don kada in zargi kamfani da laifin da lissafi ne ya jawo shi.

11 ga Fabrairu

Motocin Amurka na kafin 1972 sai na ware musu shafinsu daban. A wancan zamani inji tsirara ake aunawa: a ɗora shi kan teburin gwaji babu matatar iska, babu salansa, babu fanka, sau da yawa babu abin cajin batir, sannan a saita kafireta da lokacin tartsatsin fulogi yadda zai fi ba da ƙarfi. Kamar a auna gudun doki ne babu sirdi babu mahayi, sannan a sayar wa wanda zai hau shi da kaya. A 1971 kamfanoni suka fara buga adadi biyu, daga 1972 kuma aka koma auna inji da kayansa yadda yake zaune a cikin mota. Injin Hemi 426 na Chrysler misali ne mai kyau: a 1971 an rubuta masa 425 a tsohon ma'auni, 350 a sabo.

Ke nan yawancin motocin talakawa na lokacin ƙari aka yi musu. Ragin ya faru ne a wasu 'yan tsirarun injina na musamman, kuma su ne suka haifar da labarin da ake ta maimaitawa har yau.

19 ga Fabrairu

Makon nan kaf a kan waɗancan 'yan tsirarun na ƙare, kuma a nan ne aikin ya fara daɗi, domin kowace mota da nata dalilin.

Na fara da Corvette mai injin L88, wanda Chevrolet ta yi daga 1967 zuwa 1969, guda 216 kacal. Injin tsere ne aka sa wa rigar motar titi. Matsinsa, wato yawan yadda fistin ke matse iska da mai, 12.5 ne, yana buƙatar fetur mai oktan 103 (oktan shi ne ma'aunin juriyar fetur ga matsi), har an manna gargaɗi a cikin motar cewa wani man zai lalata shi, kuma ba a sayar da ita da rediyo. Amma a takarda 430 aka rubuta masa, ƙasa da 435 ɗin injin L71 wanda ya fi shi arha kuma ya fi shi dacewa da titi. Kamfanin ba ya son attajirin da ke neman adadi mafi girma a takardar oda ya zaɓi injin da zai riƙa zafi a cunkoso ya dawo yana ƙorafi. Masu tsere sun san abin da suke nema, ba sa buƙatar talla ta gaya musu.

Abin da ya fi jan hankalina shi ne yadda ake ragin ba tare da an yi ƙarya kai tsaye ba. Ƙarfin doki ba abu ne da ake aunawa shi kaɗai ba. Ƙarfin murɗawar inji ake aunawa, a ninka da yawan juyinsa a minti, a raba da 5252 in ana bin ma'aunin Amurka. Na ɗauki wani misali na ƙirƙira don in gani da idona: injin da ke murɗa 400 a juyi 5,000 yana ba da doki 381. In aka bar shi ya hau juyi 6,000, ko da murɗawar ta sauka zuwa 380, dokin ya kai 434. Duk adadin biyu gaskiya ne. Kamfani sai ya zaɓi na farko ya buga tare da juyinsa, bai ce nan ne ƙololuwa ba, mai karatu ne ya ɗauka haka.

Dalili na biyu shi ne tsere. Hukumar NHRA, mai shirya tseren miƙaƙƙiyar hanya a Amurka, tana raba motoci aji-aji ne bisa nauyi da ƙarfin doki. Motar da aka rage wa adadi sai ta faɗa ajin waɗanda ta fi ƙarfi. Ford ta fitar da 428 Cobra Jet a 1968 da adadin 335, kuma Mustang masu wannan injin suka yi nasara a gasar Winternationals ta shekarar. Ba mamaki hukumar take sa wa injina nata adadin maimakon ta dogara da na masu ƙera su.

Na uku shi ne inshora. A ƙarshen shekarun 1960 kamfanonin inshora sun fara ɗora wa irin waɗannan motoci ƙarin kuɗi mai nauyi, musamman in direban matashi ne, kuma matasan su ne kasuwar. Camaro Z/28 da Mustang Boss 302, injina biyu na kamfanoni biyu masu gaba da juna da aka ƙera don gasar tseren Trans-Am, dukkansu 290 aka rubuta musu. Injiniyoyi biyu da ba su haɗa aiki ba su faɗa kan adadi ɗaya cif, ƙasa kaɗan da 300, wannan ba teburin gwaji ne ya yanke shi ba.

Akwai kuma dokar cikin gida. General Motors ta hana sassanta sa wa mota fiye da doki ɗaya kan kowace laba goma ta nauyinta, ban da Corvette. A sashenta na Pontiac, Firebird ta 1967 ta fi GTO sauƙin nauyi, amma injin 400 ɗin da ke cikinsu ɗaya ne. GTO ta samu 335, Firebird 325. A nan ma har da ɗan aikin hannu: an sa wani ɗan ƙarfe a mahaɗar totur na kafireta da ke hana bakunan baya buɗewa gaba ɗaya. Duk mai filaya da ya san wurin yana lanƙwasa shi ya karɓi dawakinsa.

24 ga Fabrairu

Gajeren aiki yau, a kan haraji. A da Ingila ta daɗe tana karɓar harajin mota da wani lissafin doki na ƙungiyar masu motoci ta RAC wanda faɗin silinda da yawansu kawai yake dubawa, shi ya sa injinanta suka zama masu siririn silinda da doguwar tafiyar fistin. Citroën 2CV ta Faransa sunanta ma daga dokin haraji ya fito, biyu, alhali injinta na farko yana ba da tara. Waɗannan ba ɓoyewa ba ne, don haka na cire su daga jadawalin. Wanda na bari shi ne na Italiya, inda motar da ta haura kilowat 185 ke biyan ƙarin Yuro 20 kan kowane kilowat da ya ɗara hakan. Inda doka ta ja layi irin wannan, kamfani yana da dalilin tsayar da inji a ƙasan layin, kuma yawanci da kwamfutar inji ake rage ƙarfin da gaske.

5 ga Maris

Jafan. A nan babu wani ɓoye-ɓoye game da dalilin. A 1988 mutanen da suka mutu a haɗarin hanya a ƙasar sun sake haura 10,000, kamfanonin motoci kuma suka ga in ba su kame kansu ba gwamnati za ta kame su. Sai suka yi yarjejeniya ta fatar baki cewa babu motar da za a tallata a cikin gida da fiye da PS 280. Nissan Fairlady Z ta 1989 ce ta fara tsayawa a wannan adadi, kuma irinta da aka kai Amurka da sunan 300ZX an rubuta mata 300.

Da na jera motocin sai gidan adadin ya zama 280 daga sama har ƙasa: Skyline GT-R, Supra, GTO ta Mitsubishi, NSX ta baya, Lancer Evolution, Impreza WRX STi. Injina masu girma daban-daban, wasu silinda huɗu wasu shida, duk sun haɗu a lamba ɗaya tsawon shekara 15.

Hujjar da ta fi gamsar da ni daga takardun Nissan kanta ta fito. Injin RB26DETT na GT-R an rubuta masa murɗawa 353 Nm (ma'aunin ƙarfin murɗawa) a samfurin R32 na 1989, 368 a R33, sannan 392 a R34 ta 1999. Murɗawa tana ta hawa, an canza turbo, an gyara kwamfuta, amma doki yana nan daram a 280. Yarjejeniyar ba ta hana faɗin gaskiya game da murɗawa ba, to a can suka riƙa nuna wa mai lura cewa injin ya ci gaba.

Supra na sa mata alamar taka-tsantsan. Ana yawan kafa hujja da cewa a Amurka 320 ce a Jafan 280, amma wadda aka fitar waje turbo ɗinta da bututun feshin manta sun bambanta da na gida, don haka tazarar ba duka ba ce ɓoyewa. Yarjejeniyar ta ƙare a 2004, da Honda Legend ta fito da PS 300. Ƙananan motocin Jafan masu injin cc 660 kuwa har yanzu a 64 suke tsayawa.

16 ga Maris

Na samu damar tsayawa a ga yadda ake auna mota a kan daino, wato na'urar auna ƙarfin mota a taya, kuma abin da na gani ya sa dole in sake tsarin gida na huɗu.

Aka hau da motar, tayoyin da ke ja suka zauna kan manyan gangunan ƙarfe, aka ɗaure ta da ɗamara gaba da baya, aka girke ƙatuwar fanka a gaban lagireto. Mai aikin ya sa giya ta huɗu, ya bari juyi ya sauka, sannan ya taka totur har ƙasa. Ƙarar ta cika ɗakin, motar tana fizgar ɗamarar, layi yana hawa a allon kwamfuta har ya lanƙwasa. Ko minti ɗaya abin bai kai ba. Da aka maimaita ba tare da an bar ta ta huce ba, sai layin ya zauna ƙasa da na farko. Na taɓa bututun da ke kai iska cikin inji, ya yi zafin da ba a iya barin hannu a kai. Iska mai zafi ba ta da kauri, kwamfutar inji kuma tana ja da baya don kada man ya kama da wuri ya yi wa fistin lahani.

Na ce masa, Malam, to wanne ne ƙarfin motar a cikin biyun? Bai amsa da baki ba, sai ya danna wani wuri a allon ya canza ma'aunin gyaran yanayi daga na SAE, ƙungiyar injiniyoyin motoci ta Amurka, zuwa tsohon da ake kira STD. Adadin ya ɗaga nan take, motar kuwa a kashe take. Na SAE yana mayar da sakamako kamar an auna a zafin digiri 25 da matsin iska kilopaskal 99, tsohon kuma yana ɗaukar iska mai sanyi da kauri fiye da haka, bambancin yakan kai kusan kashi 4 cikin 100. Na Jamus, DIN 70020, digiri 20 yake ɗauka. Daga yau duk sakamakon da bai faɗi irin na'urar da ma'aunin gyaran da aka bi ba, ba zai shiga jadawalina ba. Wannan sharaɗi ya zubar da mafi yawan abin da na tara.

21 ga Maris

Babbar matsalar ita ce kamfani a gindin inji yake aunawa, daino kuma a taya. Tsakaninsu akwai giya, farfela, aksul da tayar kanta, kowanne yana cin rabonsa. Mutane sun saba cewa kashi 15 ke ɓacewa, sai su raba adadin taya da 0.85 su sanar cewa sun kama kamfani. Ni ban yarda da wannan kashi 15 ɗin a matsayin doka ba. Giyar otomatik ta zamani da ke kulle kanta ba ta yin irin asarar da tsohuwar giya ke yi, motar da ke ja da taya huɗu ba ɗaya take da mai biyu ba, kuma wani ɓangare na asarar ba ya ƙaruwa don an ƙara wa inji ƙarfi.

Na gwada da Toyota Supra ta 2020, mai injin B58 na BMW, wadda aka tallata da 335. Mujallar Car and Driver ta samu 339 a taya. In aka ɗauki asarar kashi 15, injin 399 ne. In kashi 10 ne, 377. In kashi 5 ne, 357. Doki 42 ke nan tsakanin zato da zato. Amma ko an ce babu asara ko kaɗan, abin da ba ya yiwuwa, ta riga ta haura abin da aka rubuta. Don haka na sa ta a jerin waɗanda aka rage wa adadi, na bar gidan yawan ragin babu komai. Shekara ɗaya bayan haka aka gyara injin aka rubuta masa 382.

Gefe guda kuma ga Corvette C8 mai 495, wadda Motor Trend ta ce ta samu 558 a taya a 2019. Labarin ya zagaya duniya, daga baya mujallar ta fito ta ce ba a saita na'urar daidai ba. Gyaran bai yi tafiyar da labarin farko ya yi ba, kuma har yau ina cin karo da masu kafa hujja da shi.

Akwai wani tarko na musamman ga injin turbo. Injin da ke shaƙar iska da kansa yana rasa kusan kashi 1 na ƙarfinsa a kowace mita 100 da aka hau sama, shi ya sa ake gyara masa lissafi. Mai turbo kuwa kwamfutarsa tana ƙara matsi ta cike giɓin da kanta. In aka auna shi a kan tudu aka kuma yi masa wannan gyaran, an biya shi sau biyu.

2 ga Afrilu

Na juya tambayar: me ke samun kamfanin da ya yi ƙari? Amsar ta bayyana mini halin kamfanonin yau fiye da duk abin da na karanta.

Ford ta tallata Mustang Cobra ta 1999 da 320. Masu ita suka kai daino suka ga ba ta kai ba. Kamfanin ya dakatar da sayarwa, ya kira motocin ya canza musu hanyar shigar iska da salansa da saitin kwamfuta, kuma bai fitar da irinta ta 2000 ba. Mazda ta ce Miata ta 2001 tana da 155, ashe 142 ce, sai da ta yi tayin sayen motocin daga hannun masu su. Ta sake faɗawa haka da RX-8, daga 247 zuwa 238. A 2002 Hyundai ta amsa cewa ta yi ƙari a kan motoci kusan miliyan 1.3. A wannan tsakanin ne SAE ta tsaurara ma'auninta, a 2005 kuma ta kawo tsarin da shaida daga waje ke tsayawa a kan gwajin. Corvette Z06 ce ta fara bi, ta fito da 505. Camry mai V6 na lita 3 ta sauka daga 210 zuwa 190 ba tare da an canza injin ba.

Wanda ya samu ƙasa da alkawari kotu yake nufa, wanda ya samu fiye kuwa yabon kamfanin yake yi kyauta. Sannan injina ba sa fitowa daga masana'anta daidai wa daida. Dokar Turai ta ECE R85 ta yarda injin da aka zaro daga layin ƙira ya kauce wa adadinsa da kashi 5 sama ko ƙasa, wato mai 300 yana iya zama 285 ko 315. Kamfanin da ke son mafi raunin injinansa ya cika alkawari a rana mai zafi da mai maras kyau, dole matsakaicin injinsa ya zarce alkawarin a rana mai sanyi da mai mai kyau.

12 ga Afrilu

Na raba motocin jadawalin rukuni uku. Na farko, ɓoyewa da gangan saboda inshora, tsere, dokar kamfani ko yarjejeniya: Amurka ta 1967 zuwa 1970, da Jafan ta 1989 zuwa 2004. Na biyu, tazarar kare kai, inda yawancin motocin turbo na yau suka faɗa. Na uku, waɗanda kuskuren awo ne ya ƙirƙiri ƙarin, kuma shi ya fi kowanne tsawo. Akwai kuma waɗanda nake zargin an danne su don kada ƙaramar mota ta kunyata babbar yayarta mai tsada a kamfani ɗaya, na sa musu alama har sai na samu awon da ya cika sharaɗina.

Tazarar kare kai ba ta dame ni ba, gara a ba mutum fiye da abin da ya biya. Abin da ke damuna shi ne a miƙa wa mai saye lamba ɗaya tilo babu sharaɗin da aka same ta, alhali da ita zai kwatanta motoci, da ita ake lissafa masa inshora da haraji a wasu ƙasashe. Mazda, wadda ta sha wuya sau biyu, ta nuna ana iya yin abin da ya fi: injinta na turbo mai lita 2.5 ta rubuta masa 250 da fetur mai oktan 93, 227 da mai 87. Dodge ma ta yi haka da Demon, 840 da man tsere, 808 da na gidan mai. Wannan shi ne abin da nake so in gani a takardar kowace mota.

Mako mai zuwa zan buɗe shafin motocin lantarki, inda matsalar ta juya kanta. Tesla ta tallata Model S P85D da 691, jimillar ƙarfin injinanta na lantarki biyu, amma batirin ba ya iya ciyar da su duka a lokaci guda, daga baya ta rubuta 463, kuma a 2016 ta sasanta da masu motar da suka kai ta ƙara a Norway. Sai na ƙara gida biyu kafin in fara: yawan cajin da ke cikin batir a lokacin awo, da tsawon daƙiƙun da motar ke iya riƙe ƙololuwar ƙarfinta kafin zafi ya sa ta ja da baya.